Sarki da Tara a Bakin Makaranta

Shekara huɗu na yi ina kai 'yan mata uku makaranta a unguwar Nasim, amma in aka ce in faɗi aikin da na fi yi a Riyad, ba tuƙi ba ne, jira ne. A wancan lokacin ba a bar mata su riƙe sitiyari ba, don haka kowane gida da direbansa. Ka kai yara da sassafe, ka dawo ka kai uwargida asibiti ko gidan ƙanwarta, ka zauna a mota. Kafin azahar ka koma bakin makaranta, ba don an tashi ba, sai don ka riga sauran direbobi samun inuwa. Bishiyar kirki ɗaya ce tal a layin, mota biyu take ɗauka. Wanda ya makara sai ya gasu a rana har mai gadi ya ɗauki lasifika ya fara kiran sunayen yara.

A ƙarƙashin bishiyar nan na haɗu da Bazazzagi. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, ga furfura a gemu, ga hula kullum a karkace kamar ya aro ta. Ran farko da ya ji ina waya da Hausa, ya jira na gama, ya ƙwanƙwasa gilashina.

"Daga ina?"

Na ce Kano.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Shekara takwas ina neman bawana a garin nan, ashe kana nan ka tare mini inuwa. Matsa."

Na ce masa tunda nake ban taɓa ganin Bazazzagi da motar da ke da ƙofa huɗu ba, ya bari in gama kallo tukuna. Daga ranar muka ƙulle. Wanda ya riga zuwa sai ya karkata motarsa ya tare wa ɗan'uwansa wuri, direbobin Indiya da na Sudan su yi ta zaginmu da Larabci, mu kuma mu yi kamar ba ma ji.

Shi ya koya mini foka, wani wasan karta, a waya. Kafin wani ya ɗaga mini gira, ba kuɗi muke sawa ba. Wuraren da ake yi da kuɗin gaske a toshe suke a ƙasar, kuma ko a buɗe suke ba zai kusance su ba. Ya ba ni labarin yadda karta ta cinye keken ɗinkin mahaifinsa a Zariya yana saurayi, sau ɗaya ya faɗa bai ƙara ba. Ko shayi na ce mu sa tsakanina da shi, sai ya ɓata rai. Wasan namu da kuɗin ƙarya ne da ake ba kowa kyauta kullum, kuma ƙananan tebura muke zama, inda ake shiga da abu kaɗan. Mutanen da muke wasa da su ba mu san su ba, hotuna ne kawai zagaye da tebur, wani da hoton kyanwa, wani da tutar ƙasarsu. Na san akwai malaman da ko hakan ba su yarda da shi ba. Ni dai abin da na sani shi ne mutum in ya zauna awa uku a mota shi kaɗai, tunanin gida yana iya haukata shi.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa a ba shi kati biyu a rufe. Sannan a jera biyar a tsakiya, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Duk lokacin da aka zo kanka, abu uku ne: ko ka ajiye katinka ka fita, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai. A ƙarshe wanda katinsa ya fi haɗuwa da na tsakiya shi ke kwashewa.

Ni mabiyi ne. Duk abin da aka ba ni sai na bi, wai in ga abin da zai fito. Kafin a kira sallah na ƙarar da rabon ranar, in koma leƙen wayar Bazazzagi. Shi kuwa sai ya ajiye hannu goma a jere yana ɓare gyaɗa, ko a jikinsa.

Wata rana aka ba ni sarki da tara, ba kala ɗaya ba. Na gyara zama. Wani mai hoton jirgin ruwa da ke gabana ya ƙara, na kai yatsa zan bi, Bazazzagi ya riƙe mini hannu.

"Ajiye."

"Sarki ne fa, Malam."

"Na gani. Da me?"

"Da tara."

"To ajiye."

Na ƙi. Taurin kai gado ne a gidanmu. Kati uku suka fito, har da sarki a ciki. Na dube shi ina dariya, na ce Zagezagi dai tsoro ya yi musu yawa. Mai jirgin ruwa ya zuba, na bi. Ya sake zubawa, na bi. A na ƙarshe ya zuba mai yawa, na ce ai na riga na yi nisa, na bi. Da aka buɗe, shi ma sarki ne a hannunsa, amma da sarauniya. Ya kwashe komai.

Bazazzagi bai yi mini dariya ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce, "Ka ga, bawana, mummunan kati ba ya cutar kowa. Biyu da bakwai, kana gani ka jefar, ka huta. Mai kyau sosai shi ma ba ya wahalar da kai. Irin wannan ne mugu, wanda bai yi kyau ba kuma bai yi muni ba. In ya ci, kaɗan zai ci maka. In ya faɗi, sai ya tafi da kai gaba ɗaya, a hankali, kana murna."

Na ce to ashe sarki da tara ba a wasa da shi ke nan.

"Ana yi. In kai ne na ƙarshen magana, kowa ya yi laƙwas, babu wanda ya ƙara, shiga. Amma in za ka shiga, ƙara, kar ka bi. In ka ƙara, dole su ba ka amsa tun abin yana da arha. Wanda ba shi da komai zai gudu, wanda ya fi ka zai taso maka, ka gane ka janye. Mai bi ba ya jin komai sai an gama da shi." Ya nuna mai jirgin ruwa da ɗan yatsa. "Wannan kuma, tun da muka zauna ka ga ya ƙara ko sau ɗaya? Mutumin da bai saba motsi ba, ran da ya motsa, yarda da shi."

Na ji maganar, har na fara aiki da ita. Cikin wata biyu na daina ƙarar da rabona kafin azahar. Ya ce ashe Bakano ma yana koyon abin da ba ciniki ba.

A shekarar ce ya tafi hutu gida, na ba shi saƙo ya kai wa Inna. Mahaifiyata ke nan, ni ne autanta. Na je kasuwar Dira ranar Juma'a bayan la'asar na sayo mata turaren wuta da mayafi mai kauri, don ita mai jin sanyi ce ko a bazara. Bai aika kowa ba, da kansa ya hau mota daga Zariya ya kai har ɗakinta. Ya dawo yana ba ni labari wai ta ce masa tunda Allah ya kawo mata bawa har gida, ya share tsakar gida kafin ya tafi, shi kuma ya ce sai dai ta fara biyan kuɗin motar ubangidanta. Ta haɗo shi da kuka da daddawa da yaji a ƙullin leda uku, ta ce ɗaya nasa ne, kar ya cinye mini biyun. Tun daga nan in na kira ta sai ta tambayi lafiyar Bazazzaginta. Yayata, wadda ke zaune da ita, ta karɓi lambarsa ta ajiye, ko da wayata za ta lalace.

Ciwon Inna ya fara ne da ƙafa. Kumburi, aka ce, sai kuma aka ce hawan jini ne ya taɓa ƙoda. Duk Juma'a ina kira. Yaya ta ɗauka, mu gaisa.

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Sai ta miƙa mata. Inna ta ce, "Auta, kana cin abinci kuwa? Jiki da sauƙi. Ka riƙe aikinka, ka kula da 'ya'yan mutane."

Duk Bahaushe ya san wannan amsar. Mutum yana kwance ba ya iya juyawa, ka tambaya, a ce da sauƙi. Ni kaina na sha faɗin ta a kan wasu. Ba ƙarya ba ce, ladabi ne ga Ubangiji, kuma ba a so a tayar wa na nesa hankali. Na san haka sarai. Amma duk Juma'a in an faɗa mini, sai in karɓa hannu biyu in sa a aljihu, in yi mako guda da ita.

Ga yadda lissafina yake a lokacin. Tafiya gida ba a hannuna take ba. Sai kafili, wato maigidan da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ke ƙarƙashinsa, ya yi mini takardar fita da dawowa. Hutuna kuwa sai bayan jarrabawar yara. Na sha ganin direban da ya matsa sai ya tafi a tsakiyar zango, aka ce masa to, aka buga masa fita ba dawowa, aka ɗauko wani. Maganin Inna kuma daga aikin nan yake fitowa. In na tafi na tarar da ita zaune tana tsinke zogale, na yi asarar aiki a banza, ita ce ma za ta fara yi mini faɗa. In ban tafi ba kuma... nan ne nake tsayar da tunanin, in ɗauko waya in buɗe tebur.

Saura mako biyar a gama jarrabawa, ranar wata Talata, ina ƙarƙashin bishiya, wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Ban ɗauka da wuri ba, don na saba. Yaya ba ta taɓa kirana ba tunda na zo ƙasar. Filashin take yi, ƙara ɗaya ta kashe, ni in kira, saboda kiran waje yana cinye mata kati. Ranar kuwa wayar ta yi ta ƙara har na ɗauka.

"Yaya, lafiya? Kashe in kira ki."

"A'a, bar shi. Lafiya ƙalau. Cewa na yi bari in ji muryarka. Ya zafin garinku?"

Na ce zafi sai godiya.

"An ce naku ya fi namu."

"Ya fi."

Ina jin kukan akuya a bayanta, da wani yana daka.

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Tana barci. Yaushe ne ma hutun naka?"

Na faɗa mata. Ta ce Allah ya kai mu. Muka yi sallama.

Bazazzagi yana kujerar gefe, ya ji komai. Ya juyo ya ce, "Ita ta kira?"

"Ita ce."

"Da katinta?"

Na ce e, wai muryata take son ji.

"Ta taɓa yi?"

Na ce masa don Allah ya rabu da ni, ba komai ne foka ba. Raina ya ɓaci, kuma na san dalilin ɓacinsa. Bai ja ba. Ya ce, "Ban ce komai foka ne ba. Amma ka kira ta anjima. Kar ka ce ya jiki, ka san amsar da za a ba ka. Ka ce, Inna tana tashi alwala da kanta? Yau me ta ci, cokali nawa? Wa ke kwana a ɗakinta? Irin tambayar da ba a amsa ta da sauƙi. In ka ji, ka san abin yi."

Na ce zan kira.

Ban kira ba. Wato na kira ranar Juma'a kamar kullum, na ce ya jiki, aka ce da sauƙi, Inna ta karɓa ta yi magana kaɗan, muryarta can ƙasa, na ce wa kaina layin ne ba kyau. Tambayoyin nan uku suna bakina, na haɗiye su. Tsoro nake ji. In na tambaya aka faɗa mini, dole in tashi in yi wani abu, ni kuwa na fi son in zauna in ga abin da mako mai zuwa zai kawo. Wannan ita ce gaskiyar, na daɗe kafin in iya faɗin ta ko a zuciyata.

Bazazzagi bai bar ni ba. Kullum sai ya tambaya. Da na gaji, sai na ce to zan yi wa kafili magana, ko na huta da bakinsa.

Ba zan zalunci mutumin nan ba. Ma'aikacin gwamnati ne mai yawan mantuwa, mai faɗa a kan ƙurar mota, amma bai taɓa hana ni haƙƙina ba. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, zai tafi gonar ɗan'uwansa wajen Dir'iyya, makulli a hannu. Na gaishe shi, na ce da guntun Larabcina mahaifiyata ba ta da lafiya, ko zai yiwu in je in gan ta.

Ya tsaya. Ya cire tabarau ya dube ni sosai.

"Salamatha. Ta'abana marra?" Yana nufin, jikin ya yi tsanani ne? Ya ce in ya yi tsanani in faɗa masa, wallahi gobe zai yi mini takarda, yara su hau motar makaranta ko ƙaninsa ya riƙa kai su.

Ga ƙofa a buɗe. Ba abin da ya rage sai in ce e. Amma ta yaya zan tsaya a titi in buɗe baki in ce uwata ta yi tsanani? Ji na yi kamar in na faɗa, ni na jawo mata. Ba a yi mini tarbiyya da wannan kalmar ba. Bakina ya yi abin da ya saba tun ina yaro.

Na ce, "Alhamdulillah, ahsan." Da sauƙi.

Fuskarsa ta saki. Ya dafa kafaɗata ya ce alhamdulillah, to tunda haka ne in bari a gama jarrabawa, mako uku ne, zai ƙara mini sati biyu a kan hutuna in zauna da ita sosai. Ya shiga mota ya tafi. A wurinsa in an ce da sauƙi, sauƙi ake nufi. Na tsaya ina kallon bayan motarsa, har da ɗan jin daɗi, wai na yi ƙoƙarina, shi ya ce in jira.

Da na gaya wa Bazazzagi yadda muka yi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ya tambaye ka, ka ce da sauƙi?"

"To me zan ce?"

"Balarabe ka ce wa da sauƙi." Ya girgiza kai. "Koma ka faɗa masa."

Na ce ba zan koma in ƙaryata kaina ba, mako uku kamar gobe ne. Ya ce Allah ya sa. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma daga ranar ya rage tsokanata, abin da ya fi faɗan ciwo.

Na shiga shiri. Na koma Dira na sayo wani mayafin, da dabino, da man zafi na ƙafa. Na gaya wa Inna ranar da zan sauka. Ta ce, "Allah ya kawo ka, Auta." Ba ta tambayi ko ina cin abinci ba, na lura, na kuma kawar da kai.

Saura kwana tara tafiyata. Ranar Lahadi ce, a can ranar karatu ce, na riga kowa zuwa bakin makaranta, na karkata mota na tare masa wuri. Bai zo ba. Wani direba ɗan Sudan ya yi ta yi mini hon har na haƙura na ba shi inuwar. Na buɗe tebur ni kaɗai. Wajen sha biyu da rabi na hango motarsa ta tsaya can nesa a cikin rana, ya fito yana tahowa a ƙasa, hularsa a daidai.

Ya buɗe ƙofa ya zauna. Daidai lokacin aka raba kati, na duba, sarki da tara. Na juya masa wayar ina murmushi, don in jawo shi mu shirya.

"Malam, ga mutuminka. An ƙara a gabana. In ajiye ko?"

Bai dubi katin ba.

"Ajiye wayar, ƙanena."

Tunda muka haɗu bai taɓa kirana haka ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ya yi yadda ake yi. Ya fara da cewa dukkanmu masu tafiya ne, ya ce Yaya ta kira shi da safe yana kan hanya da matar maigidansa, bai ga ya dace ya faɗa mini a waya ba. Ya ce Allah ya yi wa Inna rasuwa bayan asuba. Ya ce ta cika da kalmar shahada, Yaya na riƙe da ita. Na ji bakina yana cewa innalillahi wa inna ilaihi raji'un, yana maimaitawa, kamar bakin wani.

"Yaushe za a kai ta?"

"Sha ɗaya, agogon gida."

Na dubi agogon mota. Muna gaban Kano da awa biyu. Saura minti ashirin.

Wayar tana kan cinyata, tana ƙaramin ƙara, lokacina na ƙarewa a tebur. Ta gaji ta ajiye mini katin da kanta. Sai mai gadi ya ɗauki lasifika ya fara kiran sunaye. Bazazzagi ya ce in ba shi makulli, zai kai yarana gida ya dawo ya ɗauki nasa. Na ce a'a. Ba a ba baƙo 'ya'yan mutane, kuma Inna ta ce in kula da su.

Yaran suka fito cikin baƙaƙen abaya, suka shiga baya suna gardama a kan wata malama. Ƙaramar ta ce in tsaya a kanti ta sayi askirim. Na tsaya. Ina zaune ina jiran ta agogo ya buga ɗaya. Na san a lokacin an fito da Inna ƙofar gida, an jera sahu a inda muke buga ƙwallo muna yara, kuma wani ne ya tsaya a inda ya kamata in tsaya. Yarinyar ta dawo ta miƙo mini ruwan sanyi, ta ce, "Ammu," wato baffa, "idonka ya yi ja." Na ce rana ce. Na kai su gida lafiya, ban taka burki da ƙarfi ko sau ɗaya ba.

Da yamma kafili ya zo har ɗakina na bakin gareji, abin da bai taɓa yi ba. Ya rungume ni, ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ja baya, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Lesh ma gult li?" Me ya sa ban faɗa masa ba? Ya ce ai ya tambaye ni, da bakinsa ya tambaye ni. Ba faɗa yake yi ba, abin ne ya ɗaure masa kai. Na rasa Larabcin da zan yi masa bayani. Ko da Hausa ma ban san me zan ce ba.

Takardar da na yi wata biyu ina jin tsoron nema, kwana ɗaya ta ɗauka. Bazazzagi ya kai ni filin jirgi. Muka yi tafiya har muka kusa isa. Na ce, "Malam, ka faɗa mini." Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Ko ka je, ba za ka ƙara mata minti ɗaya ba." Na ce na sani, amma da na gan ta. Ya ce e, da ka gan ta. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Na isa ana sadakar uku. Na zauna a tabarma a ƙofar gida, mutane suna zuwa suna cewa ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki. Da aka watse na shiga ɗakinta. An naɗe katifar an jingine. Mayafin da na aiko da Bazazzagi yana rataye a ƙusa, ya sha wanki har ya koɗe, ga sabon a jakata ko ledarsa ban cire ba. Yaya ta shigo ta zauna a bakin ƙofa. Ta rame, jinya ta tsufar da ita.

Ta ce Inna ce ta hana a faɗa mini. Wai Auta tuƙi yake yi, da 'ya'yan mutane a mota, kar a raba masa hankali. Duk ran Juma'a sai ta sa a tashe ta zaune, a ba ta ruwa ta jiƙa maƙogwaro, ta jira kirana. In mun gama sai a kwantar da ita.

"Ni kuma na yi mata alkawari ba zan faɗa ba," in ji Yaya. "Amma ban yi mata alkawarin zan yi maka ƙarya in ka tambaye ni ba. Na yi ta jira ka tambaya."

Sai a lokacin na yi tambayar, a ɗakin da ba kowa a kan katifa.

"Yaya, yaushe ta daina tashi alwala da kanta?"

Ta goge ido da bakin zaninta.

"Ran da na kira ka na ce ya zafin garinku."

Na koma Riyad bayan arba'in, na ƙara shekara biyu a gidan. Bazazzagi ya ci gaba da tare mini inuwa, bayan wani lokaci ma ya koma kirana bawansa, na ji daɗin hakan ƙwarai. Wasan ne ban sake buɗewa ba. Shi yana yi, ni ina ɓare masa gyaɗa. Duk Juma'a bayan la'asar ina kiran Yaya, in ta ce lafiya ƙalau sai in ce to, yau me kika ci?